Yadda Ake Rage Ƙiba Ba Tare da Zama da Yunwa Ba: Jagora Kan Abincin da Ke Riƙe Ciki

Mafi yawan waɗanda suka ƙudiri aniyar rage ƙiba suna farawa ne da hana kansu abinci. Mutum zai daina karya kumallo, ya wuni da ruwan ɗumi da lemun tsami, ya daure kwana huɗu ko biyar, sannan a dare na shida ya zauna gaban kwanon tuwo ya rama duk abin da ya wuce shi. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa jikinsa ne ba ya jin magani. Gaskiya ne cewa ƙiba ba ta sauka sai abin da yake shiga ciki ya gaza abin da jiki yake ƙonawa, amma babu wanda zai iya ɗorewa a kan haka wata da watanni alhali cikinsa yana kuka. Saboda haka aikin da ke gaban mai son rage ƙiba shi ne ya san abincin da ke ƙosar da shi da wuri, ya kuma daɗe a ciki, ba tare da ya tara masa kitse ba. Kusan duk irin wannan abincin yana nan a kasuwanninmu, kuma yawancinsa shi ne mafi araha.

Kafin a shiga matakan, yana da kyau a fahimci yadda ƙoshi yake zuwa. Idan ciki ya zama fanko, yana sakin wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin cin abinci ya yi. Idan aka ci abinci ciki ya buɗe, jijiyoyinsa suna aika saƙon cewa an cika, hanji kuma ya saki nasa sinadaran da ke kwantar da sha'awar ci. Abubuwa uku ne suka fi ƙarfafa wannan saƙo: ruwan da ke cikin abincin, wanda yake ba shi nauyi da girma, harza, wadda likitoci ke kira faiba, wato ɓangaren ganye da hatsi da wake da hanji ba ya iya narkarwa, sai kuma furotin, sinadarin da ke gina tsoka. A 1995 wata mai bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Susanna Holt, ta gwada nau'in abinci 38, ta ba mutane kowanne a ma'auni guda na kalori 240 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), sannan ta auna yadda suka ƙoshi. Ta ba farin burodi maki 100 a matsayin ma'auni. Dafaffen dankalin turawa ya samu 323, kifi 225, lemun zaƙi 202, ƙwai 150, shi kuwa kek bai wuce 65 ba. Ƙarfin da suke ba jiki ɗaya ne, amma wani ya ninka wani kusan sau biyar wajen riƙe ciki.

Mataki na farko: a san inda ake

A hau sikeli da safe kafin a ci komai, a kuma auna tsayi. Idan aka ninka tsayin a mita da kansa, aka raba nauyin a kilo da abin da ya fito, za a samu ma'aunin da asibitoci ke aiki da shi. Misali, mace mai kilo 85 da tsayin mita 1.65 za ta samu kusan 31. Daga 25 zuwa sama nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Sai a ɗauki tef irin na tela a zagaya ciki daidai cibiya, domin kitsen tumbi ya fi na cinya da mazaunai haɗari wajen jawo ciwon suga da hawan jini. Idan ya haura santimita 88 ga mace ko 102 ga namiji, to lamarin bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Kada a ɗora wa kai buri mai nisa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar, kuma sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki kaɗai yana gyara jini da suga. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora su a kan shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 85, wannan kilo shida ne kacal.

Bayan haka a yi kwana uku ana rubuta duk abin da ya shiga baki, har da cincin ɗin da aka tsinta a gidan maƙwabta da ragowar abincin yara da uwa take cinyewa don kada a zubar. Ba a canza komai a waɗannan kwanakin, ana dai son a ga gaskiya ne a rubuce.

Mataki na biyu: a fara da abin sha

A ganina nan ne ya fi dacewa a fara, domin shi ne wurin da ake samun riba babba ba tare da an ji yunwa ko kaɗan ba. Abin sha mai suga yana wucewa ne ta ciki da sauri, ba ya tsayawa ballantana ya aika saƙon ƙoshi. Kwalbar lemo ɗaya ta mililita 350 tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara, wato kalori kusan 150, wanda sai mutum ya yi tafiyar kusan rabin awa da sauri kafin ya ƙona shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sugan da babban mutum yake ƙarawa a rana kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kuma idan ya tsaya a shida ya fi alheri.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya lura da hannunsa zai gane abin da nake nufi. Cokali yana shiga robar suga sau uku ko huɗu, a zuba madara, a ƙara garin koko, a yi ta ɗaga shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, sannan a yanko rabin burodi a shafe shi da bota. Kafin hantsi ya dubi ludayi wanda ya sha wannan haɗin ya fara hamma yana neman abin taɓawa. Haka zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a gora, su kansu ba su da laifi, sugan da ake juye musu ne matsalar. A dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba a sha shi haka nan, a rage sugan shayi da rabin cokali duk mako har harshe ya saba. Fura da nono kuwa abinci ne cikakke, wanda ya sha ludayi goma sha biyar ya ci abincin ranarsa, don haka ba a ɗora ta a kan tuwo a ce ana wanke maƙogwaro.

Mataki na uku: a sa wake da 'yan'uwansa a gaba

Idan aka ce in zaɓi abinci ɗaya tak ga Bahaushen da ke son rage ƙiba, wake zan zaɓa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin waken nan namu a duniya, Nijar na biye da ita, kuma wanda ya shiga kasuwar Dawanau a Kano bayan kaka ya san ba ƙarancinsa muke yi ba. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kalori kusan 200, tare da furotin giram 13 da harza giram 11. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa shi ma kalorinsa kusan 200 ne, amma furotin ɗinsa giram huɗu ne, harzarsa kuwa ba ta kai giram ɗaya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ma'aikacin gini yake cin wake da safe ya kai azahar bai waiwayi abinci ba. Adadin harzar da ake so babban mutum ya samu a rana giram 25 ne, wato kofi ɗaya na wake ya kusa kai shi rabin hanya.

Hanyar dafawa ita ce take raba gardama. Alalar da aka turara da ɗan mai kaɗan, da faten wake da alayyahu, da miyar wake, duk suna cikin tsari. Ƙosai kuwa wake ne da ya sha mai, saboda haka a mayar da shi na lokaci-lokaci. Idan garau-garau za a yi, a juya ma'aunin: maimakon gwangwani uku na shinkafa da ɗaya na wake, a yi rabi da rabi, daga baya ma wake ya rinjaya. Ɗanwake yana da nauyi a ciki kuma garin kukar da ke cikinsa yana da amfani, sai dai yawancin na sayarwa garin rogo da fulawa sun fi waken yawa, kuma ana yi masa ambaliyar mai. Wanda wake yake kumbura wa ciki ya jiƙa shi tun dare, ya zubar da ruwan jiƙon, ya dafa shi ya yi laushi sosai, ya kuma fara da kaɗan, domin cikin mako biyu zuwa uku hanji yakan saba.

Bayan wake sai ƙwai, wanda guda ɗaya yake da furotin giram shida da kalori da bai kai 80 ba idan dafa shi aka yi. Dafaffen ƙwai biyu da kofin koko mara suga sun fi rabin burodi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Akwai kindirmo wanda ba a zuba wa suga ba, da awara, wadda za a iya sakawa a miya ko a gasa ta maimakon a tsoma ta cikin tafasasshen mai, da kifi busasshe ko ɗanye, da kaza da aka cire wa fata. Mai son nama ya zaɓi tsoka a wurin mai balangu, ya ce a bar masa kitsen, ya roƙi ƙarin albasa da kabeji da tumatir. Abin da ake so shi ne kada a zauna cin abinci ko sau ɗaya, musamman da safe, ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mataki na huɗu: a juya kwanon tuwo

Yadda muka saba, tuwo ne yake cika kwano, miya kuma ta zama abin dangwalawa. Mai rage ƙiba juya wannan zai yi. Ya raba farantinsa a ido: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa, wanda girmansa bai wuce dunƙulen hannun mai ci ba. Wanda ya saba da malmala uku kada ya faɗo ɗaya a dare guda, ya koma biyu na mako biyu tukuna, yana cike gurbin da miya.

Miyoyinmu na gargajiya sun dace da wannan aiki ƙwarai. Kuka da kuɓewa da karkashi da ayoyo suna da yauƙi, kuma wannan yauƙin wata irin harza ce da ke riƙe ruwa ta jinkirta fitar abinci daga ciki. Miyar taushe da kabewa da alayyahu da yakuwa tana cika ciki da ɗan kalori kaɗan, muddin ba a cika mata gyaɗa da mai ba. Ana so mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma hanya mafi sauƙi ta kaiwa ga haka ita ce kwaɗo. A tsinke zogale cikin kwano biyu, a wanke, a dafa shi har ɗacin ya fita, a tsane ruwan a matse. A daka ƙuli-ƙuli kamar cikin babban cokali biyu, a yanka albasa ɗaya da tumatir biyu da ɗan attaruhu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a matsa lemun tsami, a cakuɗa. Ƙuli-ƙulin yana da sauran mai a jikinsa, don haka ba sai an ƙara wani ba. Haka ake yi da rama da tafasa da lansir da kabeji. A ci wannan kwaɗon kafin a taɓa tuwo, za a ga malmala ta biyu ta rage a kwano ba tare da an tilasta wa kai ba. Bincike a Jami'ar Jihar Fensilbeniya ya nuna cewa waɗanda suka fara shan romon kayan lambu kafin abinci sun rage abin da suka ci gaba ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma farfesu mara kitse yana yin irin wannan aiki.

Game da hatsin kansa, gero da dawa da alkamar da ba a cire wa dusa ba sun fi farar shinkafa da semo da taliya da farin burodi daɗewa a ciki. Idan za a kai niƙa, a rage surfe, domin a dusar nan da ake bai wa awaki ne mafi yawan harzar take. Acca da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna tana da kyau a fate da ganye, dambu kuma idan aka cika shi da zogale ya zama abinci mai kyau. Dankalin turawa da dankalin Hausa da doya da gwaza a dafa su ko a gasa, domin dankalin da ya zo na ɗaya a binciken Sidni dafaffe ne, ba soyayye ba.

Mataki na biyar: a riƙa auna mai da cokali

Giram ɗaya na mai yana da kalori tara, alhali na hatsi da na furotin huɗu-huɗu ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kalori 120 ne, kuma ba ya ɗaukar wani wuri a ciki. Wanda ya zuba cokali uku a kan wake da shinkafarsa ya ƙara kalori 360, wato fiye da na waken kansa, kuma ƙoshinsa bai ƙaru da komai ba. Uwargida ta daina tuttulawa daga bakin galan, ta ajiye cokali ɗaya a kusa da murhu, ta ƙiyasta cokali ɗaya ga kowane babban mutum a girki guda. Idan mai ya taso ya kwanta a saman miya, a kwashe shi. Daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗanon da ake nema a wurin mai, kuma suna taimakawa a rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri, wanda ba a so ya wuce giram biyar a rana.

Mataki na shida: abin taɓawa da yadda ake ci

Tsakanin abinci da abinci, a nemi abin da ake taunawa mai ruwa a jiki: goba, gwanda, kankana, lemun zaƙi da ake ci da tsokarsa, yalo, gurji, karas, ko dafaffiyar masara ɗaya. Gyaɗa tana da amfani amma tana da ƙarfi, giram 100 ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa, kuma a sayi mai ɓawo domin ɓarewar tana rage gaggawa. Dabino uku sun wadatar. Biskit da cincin da fanke da taliyar leda kuwa an yi su ne yadda za su narke a baki kafin ciki ya farga. A 2019 masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka sun ajiye mutum 20, suka ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin gida na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya.

Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya kammala isa ƙwaƙwalwa, saboda haka mai cin sauri yakan wuce iyaka kafin ya ji. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin a fara, a rage girman loma, a tauna sosai. Inda ake haɗa hannu a tire ɗaya, gara mutum ya ɗebi nasa a ƙaramin faranti ya zauna tare da jama'a, domin a cikin taro babu mai sanin adadin lomar da ya kai. Hadisin da ya koyar da raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe a nan. Masu azumin Litinin da Alhamis ko na watan Ramadan su buɗe baki da ruwa da dabino, su yi sallah, sannan su ci abinci mai ganye da wake, sahur kuma ya kasance da ƙwai ko kindirmo ko alala. A kuma kula da barci, domin wanda ba ya samun awa bakwai sinadarin yunwarsa yakan hau, kuma kwaɗayinsa ya fi karkata ga zaƙi da maiƙo.

Abin da za a guje wa, da waɗanda za su fara ganin likita

Babu wani ganye ko jiƙo da ke narkar da kitsen tumbi. Ruwan ɗumi da lemun tsami ba ya yin haka, citta da kirfa ma ba sa yi, ko da yake suna da daɗi a shayi mara suga. Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp suna ɗauke da ganyen filasko ko danginsa, wanda gudawa yake sawa, sai sikeli ya nuna an ragu alhali ruwan jiki ne ya fita. An kuma sha samun wasu ƙwayoyin rage ƙiba da aka ɓoye musu sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Alluran zamani irin su Ozempic da Wegovy suna aiki ne ta hanyar kwaikwayon sinadarin ƙoshi na hanji, kuma ba a amfani da su sai da umarnin likita da sa idonsa.

Mace mai juna biyu ba ta shiga shirin rage ƙiba, mai shayarwa kuma ta tsaya a kan rage suga da soye-soye kawai har sai ta yi shawara a asibiti. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin dole ya sanar da likitansa kafin ya rage tuwo, domin sugansa na iya faɗuwa ƙasa da kima. Mai ciwon ƙoda ba ya ƙara furotin da kansa, mai gyambon ciki kuma kada ya riƙa tsallake abinci. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya canza komai ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari, asibiti zai nufa a auna shi.

Ga sauran jama'a, a hau sikeli sau ɗaya a mako, rana guda da lokaci guda, a kuma auna ciki da tef sau ɗaya a wata. Idan nauyi ya tsaya cak har mako uku, a koma ga takardar nan ta mataki na farko a sake rubutu na kwana uku, a duba ko cokalin mai ya koma ludayi ko malmala ta ƙara girma, sannan a ƙara tafiyar ƙafa ta minti goma a kullum.